Rijiyar Kanya a Kan Gora

Tun ranar da na sauka daga lori a tashar Rafin Kanya ban sha furata da sanyinta ba. Kowa ya shigo zaure sai ya kurɓi Zamzam, ya ɗauki dabino, ya gyara zama, sannan ya ce, "To Alhaji, yaya can?" Na ba da labarin nan har ya fara girma ba da izinina ba, don shekaranjiya na ji ana faɗi a kasuwa wai na yi wa Larabawa huɗuba. Kafin a naɗa ni limamin Makka ban sani ba, na ga gara in zauna in rubuta abin da ya auku, mai so ya karanta, ni kuma in koma ajina.

Mu ashirin da uku muka tashi daga garinmu. Shugaban ayari shi ne Sarkin Pawa Mamman, mutumin da Allah ya hutar da shi sayen lasifika. Ni, da yake ni ne hedimastan firamare, aka ɗora mini riƙon fasfo da karanta duk wata takarda. Amma ainihin aikina guda ne, mahaifiyata, Inna. Shekarunta sun haura saba'in, yanar ido ta rufe mata rabin gani, abin da ya wuce taku goma sai dai ta ga launinsa da girmansa. Ranar tafiya ƙannena mata suka ja ni bayan rumbu suka damƙa mini amanarta. Na ce in Allah ya so ba abin da zai same ta. Suka ce su ba su ce Allah ba zai so ba, da ni suke magana.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun nan. Ni ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. In tana nemana sai ta ce "Kai," ko ta ce wa wani, "Kira mini wancan." Da na fara koyarwa ta sami sauƙi, ta koma "Malam." A gida wannan bai taɓa kawo cikas ba, don gidanmu malami ɗaya ne.

A Kano muka yi kwana shida a sansanin alhazai, muna bin layin allura da layin awon kaya. Da jirgi ya taso da mu, Sarkin Pawa, wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai, ya runtse ido ya karanta duk abin da ya haddace, ya ƙare, ya koma farko. Inna kuwa muna cikin gajimare kusan sa'a guda ta juyo ta ce, "Wai sai yaushe zai tashi?" Da na ce ai tuni, sai ta ce, "To ya fi jaki," ta ci gaba da jan carbinta. A Hartum muka sauka muka yi wanka muka ɗaura harami. A nan na gane cewa rabin kwarjinina a hula yake, sauran rabin a aljihun da nake soke alƙalami.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai danshi, irin na ɗakin da ake dafa rini. A wurin binciken kaya wani ma'aikaci ya buɗe gwangwanin daddawar Inna, ya ja da baya taku biyu, ya ce, "Esh hada, ya hajja?", wato mene ne wannan. Na matso da Larabcina na littafi, na yi masa bayani tiryan-tiryan tun daga ɗorawa har zuwa kalwa. Ya saurara har na gama, ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita, wai tun da kakansa ya rasu bai ji mai magana haka ba. Inna ba ta jira fassara ba. Ta ɓantari daddawar ta miƙa masa ya kai wa iyali. Ya rufe gwangwanin da sauri ya ce, "Yalla, yalla!" Da haka muka shiga ƙasa.

Ba zan kwatanta muku Ka'aba ba, waɗanda suka fi ni alƙalami sun gwada. Abin da zan faɗa shi ne, duk hanyar mota daga Jidda ina cikin zullumin kada Inna ta zo har nan ta kasa ganin abin da ta zo dominsa. Muka shiga ta ƙofa, muka tsaya. Farar jama'a na juyawa kamar nono a ƙwarya, ga baƙin ɗaki tsaye a tsakiya. Ta ce, "Wancan ne?" Na ce shi ne. Ta ƙura masa ido. Can ta ce, "Ashe ina gani."

Muɗawwifinmu, wato mai masauki kuma jagoran ibada, ya sauke mu a unguwar Misfala, a wani gida mai hawa huɗu. Mu goma sha biyu a ɗakin maza, in mutum zai juya sai ya yi shawara da na kusa da shi. Mutanen Makka suna da kirki, amma sai ka koyi irin nasu. Ranar farko Inna ta durƙusa har ƙasa ta gaida mai gidan, shi kuma ya firgita ya zaci faɗuwa ta yi, ya hau kiran a kawo ruwa. Su in za su gaisa rungumar juna suke su sumbaci kumatu, abin da ya sa Sarkin Pawa ya sandare kamar turke. Shayinsu a finjalin da bai fi murfin kwalbar tawada ba ake ba ka. Karin kumallo kuwa ful ne, wake da aka dame da mai, a ci da wata gurasa mai faɗin faifai da suke kira tamis. Inna ta ɗanɗana ta ce, "Wake ba yaji? Wa ke ciwo a gidan?" Kwana biyu ta jure, a na uku ta ɗora miyar kuka a saman soro. Abin da ya fi burge ni shi ne, da an kira salla mai kanti zai yafa ƙyalle a kan kayansa ya tafi, ba kulle ba mai gadi.

A kwana na huɗu na ɓatar da Inna. Mun gama ɗawafi da hantsi, na sunkuya in ɗauko takalmanmu, na ɗago ba ta nan. Daga hantsi har la'asar ina zagaye masallacin nan, ga shi ana ta aikin faɗaɗa shi, ƙofar da ka shiga jiya yau an toshe ta. A ƙarshe na same ta zaune gindin wani ginshiƙi cikin matan Jawa, 'yan Indunusiya, sun ba ta lemo, suna ta hira ba wadda ke jin wata.

"Sau biyu ka wuce ta gabana," in ji ta. "Na ji tarinka."

"To Inna, me ya hana ki kira ni?"

"Na kira. Na ce Malam. Mutum goma suka waiwayo, ban da kai."

Da muka koma masauki, matar Sarkin Pawa ta ce, "Haba Inna, nan fa Makka ce. Ki kama sunansa mana, Allah ya gani larura ce."

Inna ta ce, "Makkar ce ta ce in zubar da kunyata a bakin ƙofa tare da takalmi?"

Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Muɗawwifi da ya ji, ya ce mu gode Allah, masallaci ɗaki ne in aka gwada shi da Arfa da Mina. Can kowa fari ya ɗaura, tantuna duk iri ɗaya, wanda ya ɓata yana iya kwana uku ba a gan shi ba, tsoho kuma rana ba ta ba shi kwana uku. Ya ce kowane ayari yakan ɗaga alama a kan gora. Wasu tuta, wasu laima, wasu buta, ya taɓa ganin waɗanda suka ɗaure takalmi ƙafa ɗaya. Sarkin Pawa ya ce shi ke nan, a ɗaure butarsa, ja ce.

Na ce Rafin Kanya ba za ta tsaya a Arfa ƙarƙashin buta ba, alhali tana da tambari.

Ku da kuke gida kun san shi, yana kan ƙofar ofishin Majalisar Gari. Ni ne sakataren kwamitin da ya zana shi, bayan zama goma sha ɗaya. 'Yan kasuwa suka ce sai an sa dalar gyaɗa. Malamai suka ce sai littafi. Dattawa suka ce sai bishiyar kanya da garin ya ci sunanta. Mata, ta bakin mazajensu, suka ce sai tsohuwar rijiyar da ke gindinta. Don a zauna lafiya muka raba garkuwa gida huɗu kowa ya sami ɗaki, muka sa gauraki biyu suna riƙe da ita, muka rubuta "Aiki da Haƙuri" a ƙasa, kore da fari. Ina da takardar ofis mai ɗauke da shi a jakata. Na sayi yadi biyu na farin alawayyo da fenti, na kwana biyu a kai, har gashin kan gauraki ɗaya-ɗaya na zana.

Da safe muka fita titi gwaji. Sarkin Pawa ya ɗaga, na tsayar da Inna taku talatin daga nan, na ce, "Me kike gani?"

Ta ƙanƙance ido ta ce, "Wani ya shanya zanen gado. Miya ta zube a kai."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga wasu dattawa uku, manoman Masar, sun zo da ƙunshin kayansu sun zauna a ƙarƙashin tutar suna hamdala. Tun jiya suke neman ayarinsu, sai suka hango dala, suka zaci irin ta ƙasarsu ce. Na yi musu bayani cewa tamu ta buhunan gyaɗa ce. Babbansu ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa yaron da ya ce Kano tana bakin teku. Sai da muka shayar da su shayi, muka raka su wurin muɗawwifinsu.

Mai kawo mana ruwa a garwa, wani magidanci mutumin Damagaram, shi ya ce, "Ku je unguwar Utaibiyya, akwai tela mutumin ƙasarku, Baba Ɗanlami, nan Ammi suke ce masa. Shi ke ɗinka wa rabin muɗawwifai tutocinsu."

Muka tafi mu uku, ni da Inna da Sarkin Pawa. Shagon bai fi akurki biyu ba, a cikin wani lungu mai hawa. Muka tarar da dattijo siriri a kan keken ɗinki, da farar jallabiya irin tasu. Ya amsa sallama da Larabci, ya ɗago ya ga tsagen fuskar Inna, sai ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

"Daga ina, ya hajja?"

"Rafin Kanya."

Ya tashi ya kakkaɓe tabarma da hannun rigarsa. Shekara talatin da biyar ke nan da ya bar garinmu a ƙasa, shi da amaryarsa. Shekara shida suka yi a hanya, suna noman auduga a Sudan, suna matsawa. Da suka iso suka yi hajji, suka ce bari su huta shekara guda. Takardar komawa ba ta samu ba, ta zama ma ba ta samu ba, sai 'ya ta samu.

"Wace ce amaryar?" in ji Inna.

"Kande, ta Unguwar Marina."

"Mai wushirya? Ni na ɗaura mata lalle! Tana ciki?"

"Tana Ma'ala, Yaya. Shekara huɗu ke nan." Maƙabartar Makka yake nufi.

Suka yi mata addu'a. Daga nan ya fara kiran sunaye, kamar yadda nake yi a aji da safe. Malam Na'ibi fa? Ya rasu. Audu Makaho mai kiran salla? Ya rasu. Ta-Sallah mai ƙosai? Tana nan, haƙori ne babu. Ya yi dariya har da tafi. Ƙanensa Garba fa? Inna ta ce, "Bara waccan, da damina. Bai sha wuya ba." Ya gyaɗa kai, ya juya ya daɗe yana neman wani abu a cikin gwangwanin maɓallai.

Da ya juyo ya ce, "Ɗayyib, ya ustaz, mu ga tutar."

Na shimfiɗa ta, na fara bayani daga kusurwar dama ta sama, yadda ƙa'ida ta ce. Ya bar ni na kai ƙarshe, don mutum ne mai ladabi.

"Wallahi zane ya yi," ya ce. "A takarda. Amma tuta ba a zaune ake karanta ta ba. Mai nemanta yana cikin turereniya, rana a idonsa, iska na naɗe ta, gabansa na faɗuwa. Abu ɗaya zai gani, in ya yi sa'a. Bari mu rage. Tsuntsayen nan, mutanen nan ba sa son hoton mai rai, mushkila ce. Sai dai in za a cire musu kai."

Sarkin Pawa ya ce, "Wannan aikina ne."

"Littafi kuma, wani zai ɗauka Alƙur'ani ne, ga tuta tana faɗuwa ƙasa ana takawa. Rubutu, wa zai karanta? Yaya, kina karatun boko?"

"Allah ya kiyaye," in ji Inna.

"Bishiya ta mutanen Lubnan ce, kowace shekara da ita suke zuwa. Dala kuwa..."

Na ce mun riga mun gana da masu ita.

"Kore kuma, shuf, duba, tutar ƙasar nan kore, ta Pakistan kore, taku ta Nijeriya kore. A Arfa in ka bi kore sai ka kwana a Karachi."

Cikin minti biyar ya rushe zama goma sha ɗaya. Abin da ya rage rijiya ce, wadda na zana da bakinta da guga da igiya da inuwa. Na ce to a faɗaɗa ta. Bai kula ni ba, ya juya wurin Inna.

"Yaya, in kin leƙa rijiyar Kanya da hantsi, me kike gani?"

"Duhu," ta ce. "Can ƙasa kuma farin sama, kamar an ajiye faifai."

"Halas. Ita ke nan."

Na ce ai da'ira a tsakiyar tuta ta Japan ce, yana cikin littafin aji shida. Ya ce, "Ya ustaz, shekara ashirin da tara ina Mina. In ka ga Bajapane ka kawo shi, ni zan ba shi haƙuri."

Saura duhun. Ya sauko da baƙin yadi, Inna ta shafa ta ce wannan baƙin makoki ne. Ya sauko da shuɗi, ta ce wannan ruwan bula ne. Ya tsaya yana kallon kantarsa. Sannan ya leƙa ƙofar cikin gida ya yi magana da Larabci, ƙasa-ƙasa. Aka daɗe. Sai ga 'yarsa Maryam, mace mai 'ya'ya biyu, haifaffiyar Makka, ta fito da wani ƙunshi a takardar da ta yi ja don tsufa. Ta sumbaci kan Inna ta ce, "Sannu, ya sitti," da Hausar da ke tafiya kamar mai sabon takalmi.

Tun kafin a kwance Inna ta ɗaga hanci. Turkuɗi ne, rinin marinar garinmu, bugun mabugan garinmu, yana ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Da shi aka kai Kande ɗaki. Ta ɗauko shi a ka ta ratsa Sudan da shi, ba ta taɓa ɗaurawa ba.

Na ce, "Baba, wannan ba za a sa masa almakashi ba. Gadon Maryam ne."

Maryam ta ce, "Ummi ta ce sai ranar da aka koma balad, aka koma gida, za ta ɗaura. Kullum haka, kullum haka." Ta nemi kalma ta rasa, ta dubi ubanta, ta dubi Inna. "To ga gida ya zo."

Bai yanke shi ba. Ya ninka shi biyu ya kashe baki, ya kifa farantin shayi a kan alawayyona, ta bayan zanen inda fenti bai taɓa ba, ya zagaye da alli, ya yanko fari biyu ya ɗinka ciki da waje. Ko rabin sa'a bai yi ba. Ya ba Sarkin Pawa ya ce ya hau can ƙarshen lungu. Na ƙirga taku tamanin.

"Inna, me kike gani?"

"Rijiyarmu mana," ta ce. "Wa ya ɗora ta a sama?"

Baba Ɗanlami ya rufe shago ya bi mu Arfa, ya ce shi zai riƙe gorar. Ranar tsayuwa, a cikin koren tutoci da farin tantuna, tamu kaɗai ce baƙa mai ido. Ba wanda ya ɓata. Har baƙi muka yi: wasu tsofaffi mata biyu, mazauna Makka, suka ratso jama'a suka tsaya suna shafa bakin ƙyallen. Ba su taɓa jin an yi Majalisar Gari ba, balle tambarinta, amma sun san rinin. Ɗaya 'yar Unguwar Maƙera ce. Suka yini tare da mu.

Masu tambaya ina tutar take, tana Utaibiyya a wurin masu ita. Wanda Allah ya kira baɗi ya nemi shagon, za a ɗaga masa. Na kawo wa Majalisa zanenta, an kafa kwamiti. Labarin Madina da na dawowa kuwa kun ji su a zaure. Abin da ban faɗa a zaure ba shi ne na Mina.

Ranar salla da safe za a je jifan Shaiɗan. Malamai sun yarda tsoho ya wakilta wani, na ce wa Inna ta ba ni tsakuwoyinta ta zauna a tanti.

Ta ce, "Shekara saba'in yana wahalar da ni, sai yau da na same shi a tsaye wuri ɗaya zan aika wani?"

Kafin mu fita na tara ayari na ba su doka, da muryar da nake ba 'yan aji ɗaya: wanda ya rabu da jama'a kada ya yi gudu, kada ya bi kowa, ya tsaya ya ɗaga kai ya nemi tuta. Na sa suka maimaita. Baba Ɗanlami ya kafa gorar a wani ɗan tudu gefen hanya, muka shiga, Inna na riƙe da gefen haramina.

Ta yi jifanta bakwai, da kabbara, har da ƙarin magana da ba ta cikin littafi. Muna juyowa sai wani ayari ya taho, ƙarti sun sarƙe hannuwa suna "Ɗariƙ! Ɗariƙ!", wato a ba su hanya. Na ji an fizge ni gefe guda. Gwiwar hannun wani ta ɗauke mini tabarau, na ji ƙarar fashewarsa a ƙarƙashin ƙafafu. Da na sami numfashi na shafa gefen haramina, ba hannu a kai.

Na yi gudu. Na bi wata mai tsawon Inna har na kusa fita Mina, ta juyo, Baturkiya ce. Na koma wurin jifa ina duba ƙasa, inda takalma suka taru kamar an share kasuwa, ina tsoron abin da zan gani a cikinsu. Ba tabarau, duniya ta zama farin hazo mai motsi, fuska ba ta fita sai na kusa cin karo da ita. Na je tantin da ake tara ɓatattu, na bi tsofaffin da ke zaune ɗaya-ɗaya ina leƙa su. Na je tantin asibiti. Wani ma'aikacin jinya ya kai ni bayan labule inda aka kwantar da waɗanda zafi da turereniya suka kayar, wasu an rufe su har ka. Larabcina duk ya gudu. Da hannu na roƙe shi ya buɗe mini ƙafafunsu, don na san lallen ƙafar Inna. Ba ta ciki. Na fito na tsuguna a rana, ƙafata ɗaya ba takalmi, ban san gabas ba.

Sai a lokacin, da gudu ya ƙare mini, na ɗaga kai.

Ban ga tanti ba, ban ga dutse ba, ban ga ko ɗaya daga cikin tutocin nan masu rubutu da taurari ba. Can nesa, sama da farin hazon, akwai ɗigon duhu, da ɗan fari a tsakiyarsa. Na tashi na nufe shi, ban sauke ido ba, ina tuntuɓe da mutane ina ba su haƙuri da Hausa.

Suna nan a tudun da muka bar tutar, azahar ta gota. Daga baya na ji cewa Inna ta iso tutar da ƙafarta tun ban kai ga Baturkiya ba. Da jama'a suka cika, ban da ni, Sarkin Pawa ya ce a koma tanti, ga hadaya ba a yanka ba, ga aski, hedimasta ai mai ilimi ne, zai kawo kansa. Inna ta zauna a ƙasa ta ce ba inda tutar za ta, akwai wanda bai dawo ba. Sa'a huɗu suna karɓa-karɓar gorar, Baba Ɗanlami da Sarkin Pawa, suna ɗaga ta sama da ka, don ta ce a kafe ba ta kai tsawo ba.

Na iso na durƙusa a gabanta. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito ba bayani ba ne. Ni da nake hana yara kuka a layin allura.

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Baba Ɗanlami, "Sauke. Ya zo."

Ya sauke. Ta kamo gefen turkuɗin, ta laluba ta sami fuskata, ta goge ta tun daga goshi har haɓa, da ƙarfi, yadda ake yi wa yaron da ya dawo daga wasan ƙasa. Gumi da hawaye suka haɗu da shuni. Sarkin Pawa ya dube ni, ya yi ƙoƙarin daurewa saboda alfarmar wuri, ya kasa.

"La ilaha illallahu! Jama'a, hedimasta ya zama Buzu!"

Matarsa ta ɗauko buta ta ce in tara hannu in wanke. Inna ta kai hannu ta tare butar. Ta matso da fuskarta kusa da tawa, ta ja da baya, ta ƙanƙance ido.

"Ku bar shi haka," ta ce. "Yanzu ko daga nesa zan gane shi."